Karayar da Hoto Bai Gani Ba

Ban taɓa riƙe mijina a kan babur ba. Ƙarfen bayan kujera nake kamawa, in ajiye jakata tsakanina da shi. Haka na taso na ga matan garinmu suna yi. Yakan tsokane ni ya ce buhun shinkafa ma ya fi ni jingina da mutum, ni kuwa in ce ya dubi gabansa, nan Argungu ce, kowa ya san uwar kowa.

Ranar da abin ya faru muna dawowa ne daga Birnin Kebbi, daga sunan ɗiyar yayata a unguwar Gesse. Bayan la'asar, mun kusa gida, wani bijimi ya ɓalle daga garke ya hau titi. Maigidan ya taka birki da ƙarfi. Na tuna ƙirjina ya daki bayansa, na tuna hularsa tana gangarawa a kan kwalta. Babur ya kwanta da mu. Shi ya buga kansa a gefen kwalbati, ni kuwa na tashi zaune har ina kakkaɓe hijabina. Kafin a sami motar da za ta ɗauke mu, ya cika.

A asibitin Argungu aka shiga da shi wani ɗaki, ni aka zaunar da ni a benci. Can sai ga Inna, uwar mijina. Shi ne ɗanta na fari, shi kaɗai ne kuma ya rayu cikin waɗanda ta haifa. Saboda kunyar ɗan fari ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take ce masa, ko ta ce mini mai gidanki. Ko a ranar kunyar ba ta sake ta ba. Ba ta nufi ɗakin da yake kwance ba, wurina ta zo ta tsaya, tana gyara mini hijabin da ba abin da ya same shi.

Da na ce ƙirjina yana ciwo, aka tura ni hoto. Inna ta raka ni har bakin ƙofa. Mai ɗaukar hoton ya tambaye ni ko ina da ciki, na ce ban sani ba. A lokacin ko sunana ya tambaya amsar da zai samu ke nan. Sai ya ɗauko wani abu mai nauyi kamar bante ya ɗaura mini a ƙugu don ya kare cikin, ya sa na manna ƙirjina a jikin allo, ya ce in ja numfashi in riƙe. Na ja rabi ya tsaya. Da hoton ya fito likita ya ɗaga shi sama wajen haske, ga haƙarƙarina a jere fari fat kamar ƙayar kifin da aka cinye tsokarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Ya ce babu karaya, huhu ma lafiya lau, buguwa ce kawai, ya rubuta mini maganin ciwo.

Ni ban riƙe komai daga ɗakin nan ba. Inna kuwa ta riƙe abu biyu: na ce ban sani ba, an kuma rufe mini ciki.

A gidanta na yi takaba, don dama sashenmu a cikin gidan yake. Mata suka yi ta zuwa gaisuwa, su zauna, su ce ya haƙuri, in ce da godiya. Ban yi kuka ba. Wasu suka ce kai, yarinyar nan akwai tawakkali. Wasu kuma da sun fita zaure nakan jiyo su suna cewa idonta a bushe yake ƙamas. Duka biyun ba su san komai ba. Ba haƙuri nake yi ba, ba kuma taurin zuciya ba ne, babu abin da nake ji ne kawai. Nakan dubi takalminsa a bakin ƙofa in ga takalmi. Nakan ce wa kaina mijinki ya mutu, in saurara in ji ko wani abu zai motsa, shiru. Sau ɗaya na gwada matso kukan don kunyar mutane, da na ja numfashin da za a yi kukan da shi sai na ji kamar an kafa mini ƙusa a ƙasan nonon hagu. Na fasa.

Ciwon nan shi kaɗai nake ji a duniya, kuma shi ne aka ce babu shi. Duk wadda na gaya wa sai ta dubi inda na dafa, ta ga gefen hagu ne, ta girgiza kai ta ce zuciya ce, in rage tunani. Wannan magana tana ba ni haushi har yau. Wane tunani? Da ina da tunanin da zan rage ai da na gode Allah. In na matsa sai a ce ai an yi hoto, hoto bai nuna komai ba, kamar hoton ya fi ni zama a cikin jikina.

Ban iya kwanciya, sai dai in jingina da bango in yi barci a zaune. Ban iya jan guga, ban iya daka. Ƙwayoyin da aka ba ni ina shan su ba abinci a cikina, sai su tayar mini da zuciya in yi amai, aman kuma ya ƙara tsaga ƙirjin. Ina yawo a tsakar gida a hankali, hannuna ɗaya tallafe da ƙasan nono. Duk wannan Inna tana kallo daga bakin murhu. Sai na ga kullum da safe ga kunun tsamiya a bakin ƙofata. Sai ta fara aika a sayo mini kifi ɗanye daga bakin gulbi. Wata rana na sunkuya zan ɗauki bokiti, ta yi mini tsawar da ba ta taɓa yi mini ba.

"Aje shi! Kak ki ƙara ɗaukar mini kaya masu nauyi cikin gidan ga."

"Inna, ruwan alwala na."

"Ni ka kawo miki. Ke dai lallaɓa abin da Allah ya ba mu."

Sai a lokacin na gane inda ta dosa. Ba mu daɗe da aure ba, ba mu kuma haihu ba. A ranar ni ma ban tabbata ba. Bayan 'yan kwanaki al'ada ta zo mini yadda ta saba. Na sami Inna tana tsince shinkafa a faifai, na durƙusa kusa da ita.

"Inna, ba ni salla. Ban da komi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na sani. Kwantawa yay yi."

"Mi ak kwanta?"

"Cikin mana. Hirgita ka sa ciki kwanci, ke yarinya ta, ba ki sani ba. Ƙanwar kakata sai da mijinta yay yi shekara da shekaru cikin ƙasa kahin nata ya tashi, tah haihi namiji, kamassu ɗaya da uban. Ni nag gani da idona sa'ad da anka ruhe miki ciki wurin hoto. Likita ba ya ruhe banza. Shina nan, za shi tashi."

Kwantaccen ciki ba sabon zance ba ne a wurinmu, kowace tsohuwa tana da labarin wata da nata ya kwanta. Na yi makaranta daidai gwargwado, na san abin da na sani. Amma ban da ƙarfin gardama, kuma gaskiya ban damu ba. Inna ta riga ta gaya wa dangi kada wanda ya yi maganar komawata gidanmu, don takabar mai ciki sai ta haihu take fita. Da ta ce zan zauna shekara goma ma, to zan ce. Na ci gaba da shan kunu. Ita kuma ta ci gaba da tashi da sassafe da ƙarfinta, tana share tsakar gida, har na taɓa jin tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Matar da ta binne ɗanta ɗaya tilo. Zancen cikin nan ne ke riƙe da ita, kowa a gidan ya gani, ba wanda ya taɓa shi.

Yayata ce ta ɓata lissafin. Ta zo duba ni daga Gesse, ta tarar ina salla a zaune. Na gaya mata in na yi ruku'u nakan ji wani abu ya yi ƙas a ƙirjina, kamar an karya tsinke. Ita ba ta da haƙurin zancen zuciya. Ta ce in nuna mata wurin, ta sa yatsa ta danna, sai da na ga duhu. Ta fita ta sami Inna ta ce gobe za ta kai ni babban asibiti a Birnin Kebbi, mai takaba ma an yarda ta fita neman magani. Inna ta ce ba inda za a kai ni ba tare da ita ba.

Muka shiga mota da safe. Lokacin yankan shinkafa ne, fadama cike da mutane, an baza shanya har gefen titi. Da muka zo wurin kwalbatin na duba. Kwalbati ne. Wani ya shimfiɗa buhu kusa da shi yana shanya tattasai. Inna ta juya fuskarta ɗaya gefen tun kafin mu iso, ban san wanda ya gaya mata wurin ba.

Likitan da muka gani ya karɓi tsohon hoton ya duba, ya ce gaskiyar likitan Argungu ce, babu ƙashin da ya karye a ciki. Na ce a raina to ga shi nan, yanzu zai ce in rage tunani. Sai ya ce in nuna masa wurin da yatsa ɗaya, ba da tafin hannu ba. Na nuna, kusa da tsakiyar ƙirji. Ya ce haƙarƙari ba ƙashi ba ne tun daga baya har gaba. In ya zagayo ya kusa tsakiyar ƙirji sai ya koma guringuntsi, irin farin nan mai taushi da ake taunawa a naman ƙirjin saniya. Shi kuma guringuntsi wannan hoton ba ya kama shi, wucewa yake yi ta cikinsa kamar babu komai. Ko ya rabe biyu, hoton zai fito tsaf. Ya ce zai tura ni sikanin.

Da jin kalmar nan Inna ta gyara zama. A wurinta, da ma a wurin yawancin matan garinmu, sikanin abu ɗaya ake yi da shi, duba mai ciki. Ta dubi yayata ta ce, "Kin ji ko? Shi ma ya gani." Likitan yana rubutu, bai san me ake ciki ba. Yayata ta buɗe baki, na taɓa ƙafarta ta yi shiru.

Bencin ƙofar ɗakin sikanin cike yake da masu ciki, kowacce riƙe da ledar ruwa, don an ce su sha da yawa kafin su shiga. Ni ba a ce in sha ba, amma Inna ta sayo ta tsaya a kaina sai da na shanye, ta ƙaro. Ta shiga cikin matan nan kamar ta san su, tana tambayar wannan wata nawa, tana gaya wa waccan ta rage gishiri. Suka dube ni, ba kwalli, ba ɗan kunne, suka gane takaba nake. Ɗaya ta ce, "Allah sarki, maraya tun a ciki. Allah shi raba lahiya." Na ce amin, don shi ake cewa.

Mai sikanin likita ce mace, daga jin Hausarta mutuniyar Filato ce. Ta ce mutum ɗaya zai iya shigowa da ni, kafin yayata ta motsa Inna ta riga ta shige. Ɗakin da sanyi, an rage haske. Na kwanta da ƙyar. Likitar ta karanta takardar, ta ce in ɗaga rigata, ta matsa wani ruwa mai kauri da sanyi a ƙirjina, ta ɗora kan na'urar.

Inna ta matso. "Ɗiyata, ƙasa za ki yi. Ba nan ciki yake ba."

Likitar ta dube ta, ta dube ni. Na ce, "In kin gama, ki duba mata." Ban san me ta karanta a fuskata ba, ta dai ce, "To Mama, bari mu gama da nan tukuna."

Ta fara da gefen dama, mai lafiya, ta juyo mini da allon. Ta nuna mini wani farin layi siriri da ya tafi sumul, ta ce bayan guringuntsin ke nan, haka ya kamata ya kasance. Sannan ta dawo hagu, tana tafiya a hankali tana tambaya nan ne, nan ne, har ta zo inda na riƙe gefen gadon. Ta tsaya. A allon layin ya zo ya katse, ɗaya ɓarin ya sauka ƙasa kaɗan kamar matakala, ga wani baƙi-baƙi ya taru a kewaye, ta ce kumburi ne da tsohon jini. Ta ce in ja numfashi. Na ja, na ga bakin biyun sun motsa, kowanne ya yi nasa wuri, a daidai lokacin na ji ƙas ɗin nan da na saba ji.

"Ga ta nan," in ji ta. "Karaya ce. Tun yaushe kike yawo da wannan?"

Na gaya mata. Ta yi tsaki a hankali, ba da ni ba. Na zaci in aka ce mini ciwon gaskiya ne zan ji daɗi, ko in ji haushin waɗanda suka ce tunani ne. Ban ji ko ɗaya ba. Na kalli layin nan da ya katse na ce ashe.

Ta tambaye ni me ya buge ni a wurin, kan babur ne ko ƙasa. Na ce ba ko ɗaya, ni ta baya na faɗi. Sai da na faɗi haka na tsaya na tuna. Na ce, "Bayan maigidana ne. Ƙashin kafaɗarsa, lokacin da ya taka birki." Ta ce hakan na iya yi.

Daga nan ta goge ƙirjin, ta nemi izinina, ta sa ruwan a marata. Ruwan da Inna ta ɗura mini ya yi amfani, ta ce komai ya fito sarai. Ba ta yi sauri ba. Ta duba ta wannan gefe, ta duba ta wancan, ta juya allon gaba ɗaya wajen Inna.

"Mama, kin ga wannan? Mahaifa ke nan. Lafiyarta ƙalau. Amma babu kowa a ciki."

Inna ta kai fuskarta kusa da allon. "Ko ya kwanta?"

"Ko kwance yake, Mama, da mun gan shi. Ba inda zai ɓuya a nan."

Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe, ta ja mayafinta ta rufe kai sosai, ta ce, "To."

Likitar ta ci gaba da yi mini bayani, ina ji sama-sama. Kada a kai ni wurin mai ɗori, kada a ɗaure ƙirjin da zane, don ɗauri yana hana huhu buɗewa. In riƙa jan numfashi har ƙasa ko da zafi. In zan yi tari in rungume matashi. In na ji zazzaɓi ko numfashi ya gagara in dawo da sauri. Akwai babbar na'ura da ake shigar da mutum ciki, wadda ke nuna ƙashi da guringuntsi duka, amma ta ce ba sai an kai ga ita ba sai in wurin ya ƙi haɗuwa. Zai warke da kansa, a hankali, wataƙila ya bar ɗan tudu da zan riƙa ji da yatsa. Ta danna wani maɓalli, 'yar takarda mai santsi ta fito da hoton layin nan, irin takardar da masu ciki ke fitowa da ita suna nuna wa juna. Ta miƙo mini, ina gyara riga, sai Inna ta karɓa.

A waje matan benci suka taso mana da tambaya, mace ko namiji. Inna ta ce, "Mun gode Allah," ta wuce. Yayata ta dube ni, na girgiza mata kai.

Muka iso Argungu. Inna ta shiga ɗakinta, ban ƙara ganinta ba ranar. Na ce a raina shi ke nan, kunu ya ƙare, gobe za a fara zancen ranar da zan koma gidanmu. Ko wannan ban ji komai a kai ba.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, ina zaune jingine da bango sai ga ta da kwanon kunu. Tsakar gida ba a share ba. Ta ajiye kwanon, maimakon ta juya yadda ta saba sai ta zauna a bakin tabarmata. Takardar nan tana hannunta, ta riƙe ta a juye, ban gyara mata ba.

"Kin ce kahwaɗatai ta?"

"I, Inna."

"Ina wurin?"

Na kama hannunta na kai shi ƙarƙashin hijabina, na ɗora yatsunta a kan wurin. Hannun da kaushi, yana ƙanshin hayaƙi. Ta lalluba har ta ji kumburin, ta buɗe tafinta ta rufe shi duka. Sai ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, wanda ban taɓa ji a bakinta ba tun da na shigo gidan. Ta kira shi a hankali, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci, ta sake kira.

Tana kuka tana dannawa, ba ta san tana dannawa ba. Zafin ya ratsa har bayana. Ni ko a ranar ban yi kuka ba. Na dai riƙe wuyan hannunta da hannuna biyu don kada ta ɗauke.